Tun da aka zuba wa maigidana tsofaffin gem a kwamfuta na rasa gane kansa

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 13 da aure, yaranmu uku, babban namiji ne ɗan shekara 11. Maigidana ma'aikaci ne, ya ɗan haura arba'in, kuma tsakani da Allah bai rage mu da ci ko sha ko sutura ba. Wata biyar da suka wuce wani abokinsa na jami'a ya kawo masa ziyara, ya zuba masa tsofaffin gem a laftof, wai waɗanda suke bugawa lokacin suna ɗalibai. Tun daga ranar, yana dawowa daga sallar isha'i zai ci abinci a tsaitsaye, ya shige falo ya toshe kunnuwa, sai ƙarfe ɗaya ko biyun dare. In na ce ya taso sai ya ce "saura kaɗan", kaɗan ɗin kuma sai ta kai awa guda. Daren Juma'a, wato wayewar Asabar, har da abokansa suke haɗuwa ta intanet, ina jiyo shi yana ihu yana dariyar da na manta rabon da ya yi irinta da ni. Ya fara makarar asuba. Rannan kuma na tarar da yaronmu shi kaɗai a gaban laftof ɗin yana wani gem da ake finciko mutum daga mota a gudu da ita. Na kwafo sunayen da na gani: Age of Empires II, Project IGI, Counter-Strike, Championship Manager 01/02, Need for Speed da Vice City. Na ɓoye cajar, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, har ya ce da gem da yawon dare wanne na zaɓa. Na faɗa wa Hajiyarsu, ta ce in gode wa Allah mijina yana kwana a gida. Yanzu ina tunanin in sa ƙanena ya goge su gaba ɗaya, ko in kai magana gun yayansa. Anti ki ba ni shawara.

Daga wata baiwar Allah a Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da haƙuri, Allah Ya ƙara zaunar da ku lafiya. Kafin komai, ki janye maganar gogewar nan, kada ki kira ƙanenki. Gem ɗin da kika lissafo duk ƙanana ne a wajen kwamfutar yanzu, cikin 'yan mintuna abokin zai sake zuba masa su. Abin da ba zai dawo ba shi ne wasan da ya ajiye na wata da watanni, sai kuma yardar da ke tsakaninku. Ga shi kin jawo ƙanenki cikin sirrin gidanki, kin sa ya taɓa kayan mijin yayarsa ba da izini ba, abin da zai iya ɓata tsakaninsu har bayan ku kun shirya.

Inda na fi daɗewa a wasiƙarki shi ne wurin dariyar nan ta daren Juma'a. Makarar asuba matsala ce, abin da yaro ya gani matsala ce, za mu zo kansu. Amma abin da ke cin ranki in kin kwanta ke kaɗai shi ne kina jiyo mijinki yana farin ciki a ɗakin da ke kusa da naki, kuma babu ke a ciki. Wannan ba kishin banza ba ne, ba kuma rashin godiya ba ne. Maganar Hajiya tana da rabin gaskiya, domin akwai matan da ba su san inda mazansu ke kwana ba. Sai dai mutum yana iya zama a gida da gangar jiki kawai. Tambayar da shi ya yi miki kuma, ta gem ko yawon dare, tambayar fushi ce. Ba waɗannan biyun kaɗai Allah Ya halitta ba, akwai na uku, wato hira da iyali.

Yanzu bari in ɗan tsaya a gefensa. Wanda ya haura arba'in a yau, yana ɗan shekara goma sha wani abu ne ko ashirin a wajajen 2000. Wayar salula ma sai a 2001 ta fara shiga hannun jama'a a Najeriya. Kwamfuta a lokacin abin kallo ce: ɗalibi ɗaya ke da ita a ɗaki, mai ƙaton allo irin na tsohuwar talabijin, mutum goma sun kewaye shi suna jiran layi, ko kuma a haɗa kuɗi a je kafe a kwana. Wanda ya samu faifan sabon gem, ranar shi ne sarki. Abin da abokin nan ya zuba wa mijinki ke nan, zamanin da babu kuɗin makaranta a wuyansa, babu haya, babu shugaba a ofis. Ban faɗi haka don in wanke shi ba. Na faɗa ne don ki san da abin da kike kokawa, domin in kika ce masa "wasan yara", a kunnensa ƙuruciyarsa da abokansa kika zaga.

Kin kyauta da kika kwafo sunayen, saboda a idonki duk gem ne, alhali kowanne da yadda yake cin lokaci, kuma a nan mafita take.

Ɗauki Project IGI. Wani kamfani a ƙasar Norway ne ya yi shi a shekarar 2000, mutum ɗaya ne ke laɓaɓawa cikin sansanin sojojin abokan gaba. Babban abin da aka san shi da shi shi ne ba a iya ajiye wasa a tsakiyar aiki. Mutum zai kwashe minti arba'in yana rarrafe yana kauce wa kyamarori, saura ƙofa ɗaya harsashi ya same shi, sai ya koma farko. To in mijinki yana cikin wannan kika ce ya kashe ya taso, "saura kaɗan" ɗinsa ba ƙarya ba ce, daga baya ne take zama ƙarya, in an harbe shi ya ce bari ya sake gwadawa sau ɗaya. Irin wannan gem ba a fara shi ƙarfe goma sha ɗayan dare. Shi kansa ya san haka.

Counter-Strike kuwa, wanda nake kyautata zaton shi ne na daren Juma'a, wasu matasa biyu ne suka ƙirƙiro shi a 1999 daga cikin wani gem mai suna Half-Life, kamfanin Valve ya saye shi ya fitar a 2000. Ƙungiya biyu ce, ɗaya na son dasa bam ɗaya na son hanawa, kowane zagaye 'yan mintuna ne. Ba shi da daɗi sai da mutane, kuma wanda ya tashi ana tsaka da wasa ya bar 'yan ƙungiyarsa da giɓi. Ihun da kike ji na zumunci ne, majalisa ce irin ta ƙofar gida, sai dai kowa yana falonsa, wani ma wataƙila a wani gari ko wata ƙasa. Wannan daren shi ne zan ce ki bar masa, in gaya miki gaskiya. Namijin da ya kai shekarunsa yana da abokan da yake dariya da su har hawaye, ba abin da za a raba shi da shi ba ne.

Wanda na fi zargi da satar barcin gidanki shi ne wanda ya fi kama da salihi, Championship Manager 01/02. Babu harbi, babu jini, ko 'yan wasa ba a gani suna gudu a fili, rubutu ne kawai ke gilmawa yana ba da labarin wasa. Mutum shi ne kocin ƙungiyar ƙwallo, yana saye da sayar da 'yan wasa, yana tsara wanda zai buga. 'Yan Najeriya suna da dalilin ƙaunarsa na musamman: a cikinsa ana samun Taribo West kyauta ba tare da ƙungiya ba, ga Julius Aghahowa na Shakhtar Donetsk, wanda ya jefa wa Sweden ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 2002 ya yi ta alkafura, yana zura ƙwallaye kamar ba gobe. Matsalarsa ba shi da ƙarshe. Ana gama wasa ɗaya sai ga tayin sayen ɗan wasa, ana gama wannan sai ga wasan kofi, kaka ta ƙare wata ta kama. Kamar kwanon soyayyar gyaɗa ne a gaban mutum, bai san ya cinye ba sai hannunsa ya taɓa ƙasan kwano. Amma ana iya ajiye shi a kowane lokaci tsakanin wasa da wasa a rufe. Don haka in wannan ne a allo ya ce miki saura kaɗan, ba shi da hujja ko ɗaya.

Age of Empires II na 1999 shi ne mai tara itace da zinariya da dutse da abinci, a gina gari, a kafa runduna. Wasa ɗaya kan ɗauki rabin awa zuwa fiye da awa. In shi kaɗai yake yi da kwamfuta, maɓallin F3 yana tsayar da komai cak, a kuma ajiye a dawo gobe. Need for Speed tseren mota ne na 'yan mintuna, ba shi ne damuwarki ba.

Sai Vice City. A nan ba na sassauci, kuma a nan kike da gaskiya ɗari bisa ɗari. Ya fito a 2002, ya zo kwamfuta a 2003, labarin wani tsohon ɗan fursuna ne da ke gina daular miyagun ƙwayoyi a wani birni da aka kwaikwayi Miami ta shekarar 1986. Fincike mutum daga mota da kika gani shi ne mafi sauƙin abin da ke ciki. Akwai kisa don kuɗi, da mata masu zaman kansu, da gidan rawar tsiraici, da ashar. Hukumar da ke tantance gem a Amurka ta sa masa alamar M, wato daga shekara 17 zuwa sama, a Ingila kuma 18 ne. Waɗanda suka yi shi ma ba su yi don ɗan shekara 11 ba. Ina kyautata zaton mijinki bai zauna ya yi wannan tunanin ba, domin shi yana saurayi ya san gem ɗin, a ransa tsohon abu ne mai zane-zane marasa kyau, ya manta abin da ke ciki. Ki ce ya tuna da kansa wuraren da ake shiga a cikin birnin nan, sannan ya ce miki ko zai so ɗansa ya shiga. Ba na jin za ku yi jayayya. Counter-Strike da Project IGI ma ba na yaro ba ne.

Kada ki huce a kan yaron. Abin da ya ga babansa na yi ya yi, kuma abin da yake nema a gefen laftof ɗin nan rabinsa babansa ne. Ki tambaye shi cikin natsuwa me ya gani, me ya fahimta, ba tare da tsawa ba, don gobe in ya ga wani abu a wayar abokinsa ya iya zuwa ya faɗa miki. Gyaran kuma mai sauƙi ne: babansa ya sa lambar sirri a nasa ɓangaren, ya buɗe wa yaron nasa daban a Windows, wanda babu komai a ciki sai abin da kuka amince. Aikin minti goma ne. Zamanin nan da ya ba mu Vice City ya kuma ba mu gem ɗin da suka dace da yaro. RollerCoaster Tycoon na 1999, wanda mutum ɗaya, Chris Sawyer, ya rubuta kusan shi kaɗai, wurin shaƙatawa ake ginawa: yaro zai ci bashin banki, ya sa kuɗin shiga, ya ɗauki masu shara da makanikai, ya lura in ruwan sama ya sauko baƙi na rububin sayen lema, in kuma ya tsauwala farashi su juya su tafi. Lissafi ne da dabarar kasuwa. Age of Empires II ma, in suna tare da babansa, yana da labarin yaƙe-yaƙen Salahuddin, kuma ƙarin da aka yi masa a 2015 ya kawo daular Mali da Sundiata, da Habasha, da Ɗariƙu bin Ziyad. Tarihin ciki an gutsure shi an yi masa kwaskwarima don wasa, amma yana sa yaro tambaya, uban kuma ya nemo amsa. Awa ɗaya ranar Asabar da Lahadi, bayan an gama aikin makaranta da na Islamiyya, ta isa.

To yaya za ki ɓullo wa maigidan? Ki fara da cajar. Na san zafin rai ne ya sa, amma ɓoye caja hukunci ne da ake yi wa yaro, kuma shi abin da ya ji ke nan, shi ya sa ya mayar miki da magana mai ɗaci. Ki ba shi haƙuri a kan wannan kaɗai, a fili, ba tare da kin janye kokenki ba. Ki zaɓi lokacin da laftof ke rufe, ya ci ya ƙoshi, yara ba sa kusa, misali yammacin Asabar. Kada ki fara da "kullum kai" ko "ba ka taɓa". Ki faɗa masa abin da kika faɗa min: Abban yara, ina jiyo dariyarka daren Juma'a, ina jin daɗi kana farin ciki, amma ina kewarka. Namiji yana iya musun zargi, kewa kuwa ba ta musuwa.

Daga nan ki kawo abin da kike so a ƙididdige, domin "ka rage" ba ta da ma'auni, kowa zai fassara ta yadda ya ga dama. Ga abin da nake ganin adalci ne, ku kuma ku gyara daidai da gidanku. Daren Juma'a nasa ne da abokansa, tunda Asabar babu aiki, ba ƙorafi ba zirga-zirga a gabansa, da sharaɗin asuba ba za ta wuce shi ba. A sauran mako ya ɗauki dare biyu, ya rufe ƙarfe goma sha ɗaya, kuma a waɗannan dararen ya buga irin wanda ake ajiyewa, ya bar Project IGI sai da rana a ƙarshen mako. Sauran dararen laftof ba ta buɗuwa. Abincin dare kuma a zaune, tare. Ya sa ƙararrawa a wayarsa saura kwata lokaci ya cika, don kada ke ki zama mai gadi, kina leƙowa kina duba agogo. In shi ya kawo wani tsarin da ya fi wannan, ki karɓa, wanda mutum ya yanka wa kansa ya fi riƙe shi.

Maganar asuba ki bar ta ta tsaya da ƙafarta, kada ki mayar da ita sandar dukansa a cikin faɗa. Ya san hukuncinta. Abin da za ki iya tuna masa cikin taushi shi ne abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Abdullahi bin Amr lokacin da yake raya dare gaba ɗaya da sallah yana yini da azumi: jikinka yana da hakki a kanka, matarka ma tana da hakki a kanka. In an ce wa mai tsayuwar dare ya rage saboda iyalinsa, mai gina ganuwa a kwamfuta ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai kuma abin da zan so ki gwada ko da sau ɗaya, in ranki ya kwanta. Ki ja kujera ki ce ya nuna miki garin da yake ginawa, ko ƙungiyar da yake horarwa. Ba lallai ki so abin ba, mai yiwuwa ki yi hamma. Amma za ki ji labaran jami'ar da bai taɓa ba ki ba, wane ne mai kwamfutar, wa ke cin kowa, wa ya rasu, wa ya bar ƙasar. Ki kuma saurara da kyau ko akwai abin da yake gudu. Wani lokaci namiji yana nutsewa cikin irin wannan ne saboda bashi, ko matsi a wurin aiki, ko wata damuwa da ya kasa furtawa, gem ɗin wuri ne da yake da iko da komai. In haka ne, ko an ƙwace laftof wani abin zai samu. Ke ma ki duba naki daren: in ya rufe kwamfuta ya shigo ya tarar da ke a kan waya har barci ya ɗauke ki, gobe zai ce to me ya taso yi.

Za ki ji masu cewa ya kamu, jaraba ce. Kada ki yi saurin laƙaba masa wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar buga gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita gem a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma yawanci sai hakan ya ɗauki aƙalla wata 12 yana lalata aiki ko zaman iyali. Mijinki wata biyar ne, yana zuwa aiki, yana sauke nauyin gida. Ɗokin sabon abu ma yakan lafa da kansa. Sai dai rashin barci da makarar sallah alamu ne da ba za a kau da kai daga gare su ba. Ku ba tsarin nan wata guda. In ya riƙe, ko da yana ɗan zamewa nan da can, ki yaba masa ki ƙyale ƙananan kurakurai. In kuwa ya yi alkawari ya karya sau da yawa, ya fara ɓoye miki yana tashi cikin dare, ko makara ta kai ga wurin aiki, ko yana hasala sosai duk ranar da bai buga ba, to lokacin shigo da wani ya yi.

A nan ne yayansa zai yi amfani, amma ki sanar da maigidan tukuna cewa za ki yi masa magana, kada ya ji daga sama. Ki kuma yi tunanin abokin nan da ya kawo gem ɗin. Na san a yanzu ba kya son jin sunansa, amma in mutumin kirki ne, kalma ɗaya daga bakinsa, cewa kowa ya sauka ƙarfe goma sha biyu, za ta yi aikin da naki goma ba su yi ba, tunda su ma sauran suna da mata a gida. Hajiya kuma ki bar ta haka, kada ki sake kai mata, ta faɗi iya abin da take gani kuma ba za ta so a yi ta kawo mata ƙarar ɗanta a kan wasa ba. In abin ya wuce na 'yan'uwa, asibitocin koyarwa suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara, zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne.

Duk wannan yana iya jiran yammacin Asabar. Wanda ba zai jira ba shi ne na yaron: yau ɗin nan, ko da ba ku gama shiryawa ba, ki ce wa babansa ya sa lambar sirrin kafin ya kwanta. Bayan wata guda ki sake rubuto min in ji yadda tsarin ya kasance.